Dutsen da Ba Ya Karɓar "Lafiya Lau"

Dutsen Kenya yana da wata yaudara, kuma da mota yake haɗa baki. Ka tashi daga Nairobi da safe, kafin azahar kana Nanyuki, garin da layin Ikwaita ya ratsa ta gefensa, daga nan wata motar ta haura da kai har ƙofar Sirimon, mita 2,650 sama da teku. Ba ka ɗaga ƙafa ko sau ɗaya ba, amma ka riga ka wuce Chappal Waddi na jihar Taraba, mai mita 2,419, wanda duk Nijeriya babu tudun da ya kai shi. Ranar farko tafiya ce ta nishaɗi a cikin kurmi, ga kashin giwa da na ɓauna a kan hanya, ga birai suna leƙe, ka kwana a masaukin Old Moses, mita 3,300. Washegari ka ƙetare kwarin Likii, ka miƙe cikin kwarin Mackinder har sansanin Shipton, mita 4,200. Likitocin da suka san ciwon tsauni suna cewa in an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Tsakanin Old Moses da Shipton kuwa akwai 900.

Abin da ke faruwa da jiki a can ba sihiri ba ne. Iskar ba ta canja ba, kashi 21 cikin ɗari nata oksijin ne kamar a ko'ina, sai dai ta yi sako-sako, har a kusa da mita 5,000 kowane numfashi rabi da 'yan kai yake kawo maka na abin da ake samu a bakin teku. Jiki yana iya sabawa, amma yana son a ba shi kwanaki. In an hana shi, sai ya fara da ciwon kai, tashin zuciya da rashin barci. Ga yawancin mutane a nan abin yake tsayawa. Wasu kuwa ruwa ya taru musu a huhu, wasu ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma waɗannan biyun suna iya kashe mutum cikin kwana ɗaya ko biyu. Babban maganinsu a sauko da shi. Wahalar ita ce a farkon abin fuska ba ta nunawa sosai. Kowa ya gaji, kowa ya yi furu-furu, kowa yana haki. Sai mai shi ya buɗe baki.

Ni kuwa ɗan gidan da ba a cewa wayyo ne. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, direban babbar mota ne, ya yi shekaru yana ɗaukar gyaɗa da fatu zuwa kudu. Ban taɓa jin ya ce kansa yana ciwo ba. In zazzaɓi ya kama shi, sai dai ka ga ya daɗe a kan buzu bayan isha'i, in an tambaya ya ce lazimi yake. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, haka yake ce mana in ɗayanmu ya shigo da kuka. Ciwon suga ya ci shi a ɓoye. Gyambon da ke ƙafarsa a cikin safa ya raine shi, sai ranar da takalmi ya ƙi shiga sannan Inna ta gani. Duk wanda ya zo ta'aziyya sai ya yabi dauriyarsa. Ni ma na yaba, kuma na ɗauke ta gado tun kafin a raba sauran.

Wani kwas ne na wurin aiki ya kai ni Nairobi, da aka gama abokan zama suka shirya hawan dutsen, na sa sunana don kada a ce dattijon ajin ya noƙe. A cikinmu akwai wani saurayi ɗan Maraɗi da ke kirana Kawu, shi kaɗai nake jin Hausa a bakinsa. Jagoranmu Bakikuyu ne daga yankin Naro Moru, da dako ya fara aikin dutsen, kuma a haife na girme shi nesa ba kusa ba. Mzee yake ce mini, yadda suke kiran manya a can. Kowace yamma bayan an sha shayi sai ya bi mu ɗaya bayan ɗaya da 'yar na'urar nan da ake maƙala wa a yatsa, ya duba, ya rubuta, sannan ya yi tambayoyinsa: yaya kai, ka cinye abincinka, wane launi fitsarinka yake. Ta ukun nan ta ba ni haushi tun daren farko. Yaron da bai kai ƙanina ba yana tambayata launin fitsarina a gaban mata. Na amsa masa yadda ake amsa gaisuwa, ya dube ni ɗan lokaci, ya wuce. A Old Moses ɗin gaskiya na faɗa, babu abin da ke damuna.

A kwarin Mackinder, wurin da itatuwa suka ƙare sai wasu tsirrai masu kaurin gindi da dunƙulen ganye a ka, waɗanda a tsaunukan gabashin Afirka kaɗai ake samun irinsu, muka haɗu da wasu suna saukowa. 'Yan dako biyu sun sa wani mutum a tsakiya, hannuwansa a wuyansu, ƙafafunsa suna jan ƙasa. Ƙaƙƙarfa ne, ƙirji faffaɗa, irin mutanen da ke gudun safe. Leɓɓansa sun yi toka-toka. Da suka tsaya kusa da mu ya yi tari, na ji wani ƙurr-ƙurr a ƙirjinsa kamar tukunyar da ta fara tafasa. Jagoranmu ya yi magana da nasu a gurguje, suka ci gaba. Da muka yi nisa ya ce mana tun daren jiya mutumin yake tarin, amma bai gaya wa kowa ba sai da ya kasa ɗaura takalminsa. Ya ce shi masu raki ba sa ba shi tsoro, don ya san inda suke. Masu ƙarfi masu shiru su ne suke hana shi barci. Ya kawo wata karin maganar Suwahili, cewa mai ɓoye ciwo mutuwa ce take tona masa asiri. Ban ce komai ba. A lokacin wani abu ya riga ya fara bugawa a bayan idona na dama.

Sansanin Shipton dogon ɗaki ne mai gadaje hawa biyu, a gindin wasu bangayen dutse baƙaƙe da suka tokare sama. Da rana ta faɗi sanyi ya sauko gaba ɗaya. Na ɗanɗana miya na ture. Na shiga bargon nan mai zif da ake shiga ciki, barci ya ƙi. In ya fara ɗaukata sai numfashina ya tsaya, in farka a firgice ina jan iska, abin da daga baya na ji cewa yana samun mutane da yawa a irin wannan tsayi. Can cikin dare na lallaɓa na fita bayan ɗakin na amayar da ɗan abin da na ci, na tura tsakuwa da ƙafa na rufe, na dawo na kwanta ban ta da kowa ba.

Wajen ƙarfe biyu aka tashe mu. Ɗakin ya cika da hasken tocilan ta goshi da ƙarar zif. Jagoran ya zo gadona ya tsuguna.

"Mzee, yaya kan?"

Amsar tana kan harshena a shirye, ita ce wadda na yi shekara da shekaru ina bayarwa. Ba zan ce hankali ne ya hana ni ba, tsoro ne tsagwaronsa, tarin mutumin nan yana cikin kunnena. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Duk da haka sai da na waiga na ga ɗan Maraɗi ya ba mu baya yana ɗaura takalmi, sannan na rage murya na ce kaina kamar zai tsage, na yi amai, ban runtsa ba.

Bai nuna mamaki ba. Ya sa na miƙe na taka a kan layin katakon ƙasa, diddigen wannan ƙafa yana taɓa yatsun waccan, don wanda ƙwaƙwalwarsa ta fara kumbura ba ya iya yin haka ba tare da tangaɗi ba. Na taka daidai. Ya kara kunnensa a bayana ya ce in ja numfashi. Sannan ya ce huhuna lafiya, amma yau ba zan hau ba. In zuwa yamma kan ya lafa, gobe mu tafi ni da shi. In bai lafa ba, ƙasa za mu yi, kuma ba shawara yake nema ba.

Ɗan Maraɗi ya juyo. "Kawu, lafiya dai?"

"Ku tafi kawai," na ce, "ina nan tafe."

Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon fitilunsu suna hawa cikin duhu. A cikinsu akwai mata biyu, ɗaya ma ta girme ni, kuma ba zan ɓoye ba, wannan ya fi ciwon kan yi mini zafi. Na san ciwon tsauni ba ya duba ƙarfi ko shekaru, ba ya duba mace ko namiji, an gaya mana tun a ƙofa. Sani daban, abin da zuciya ta haddace tun tana ƙarama daban.

Yinin da na yi a Shipton shi ne mafi tsawo a tafiyar, kuma shi na fi tunawa. Da hantsi suka dawo suna ta murna, suka karya, suka kama hanyar ƙasa da mataimakin jagoran. Aka bar ni da shi da ɗan dako ɗaya, bayan mun yi cinikin ƙarin kwana. Na sha maganin ciwon kai, na sha ruwa har na gaji da fita. Ɗan dakon ya dafa shayi yana ce mini in sha da sauri, don a nan ruwa yana tafasa tun yana wajen digiri 86, shi ya sa shinkafa take daɗewa ba ta nuna ba. Remaye suka fito shan hantsi a kan duwatsu, masu kaurin gashi fiye da namu, ba sa tsoron mutum, ɗaya har ya sa kai a jakata. Da azahar jagoran ya ja ni muka ɗan haura gangaren muka dawo, wai a nuna wa jiki sama, a kwantar da shi a ƙasa.

A nan na samu lokacin kallon dutsen da kyau. Tsohon dutse ne mai aman wuta da ya daɗe da mutuwa, ƙanƙara ta yi ta sassaƙarsa har abin da ya rage a tsakiya shi ne toshiyar maƙogwaronsa, tsaye tsirara. Manyan ƙololuwoyinsa biyu ne, Batian mai mita 5,199 da Nelion mai 5,188, da wata 'yar tsaga a tsakaninsu inda hazo yake wucewa. Babu mai kai musu da tafiyar ƙafa, sai da igiya da gwanintar hawan bango. Baturen Ingila Halford Mackinder ne ya fara taka Batian a watan Satumba na 1899 tare da jagorori biyu daga tsaunukan Turai, César Ollier da Joseph Brocherel, kuma shi ya sa wa ƙololuwoyin sunayen shugabannin Masai. Sai bayan shekara talatin, a 1929, Eric Shipton da Percy Wyn-Harris suka hau Nelion. Mu masu jaka da sanda inda ake kai mu shi ne Lenana, ta uku, mita 4,985.

Labarin da ya fi zama mini a rai na wasu 'yan Italiya uku ne, fursunonin yaƙi a sansanin Ingilishi kusa da Nanyuki. A watan Janairu na 1943 suka tsere, ba don su gudu gida ba, don kawai su hau dutsen da suke hange ta bayan waya. Gatarin ƙanƙara da ƙarafan takalminsu daga tarkacen sansanin suka ƙera su. Felice Benuzzi da likita Giovanni Balletto sun gwada Batian ya gagare su, suka juya suka kafa tuta a Lenana, sannan duka ukun suka sauko da ƙafarsu suka koma kurkuku bayan kwana 18. Kowa waɗannan biyun yake yabo. Ni a ranar na ukunsu nake tunani, Enzo Barsotti, wanda jiki ya ƙi masa aka bar shi a zangon ƙasa yana jira. Na san irin yinin da ya yi.

Da la'asar kan ya saki. Na ci abinci na ƙara. Da jagoran ya zo da tambayoyinsa na amsa duka ukun dalla-dalla, har da launin.

Dalilin da ya sa ake tashi cikin dare biyu ne: tsakuwar gangaren tana daskare a lokacin, ba ta zamewa a ƙarƙashin ƙafa, kuma gajimare yakan rufe dutsen kafin tsakar rana. Muka hau a hankali, taku kaɗan a tsaya. Ban ga komai ba sai diddigen jagoran a cikin da'irar haske. Muka wuce ɗan tafkin Harris, bakinsa ya yi ƙanƙara, daga nan tsakuwa ta ƙare aka shiga doron dutse, inda dole a ajiye sanda a kama da hannu. Dutsen yana da kaifi da sanyin da ke ratsa safar hannu. A dama duhu, a hagu duhu, kuma na gode Allah da ban ga zurfinsu ba. Alfijir ya keto muna kan doron. Ruwan gorata ya daskare a baki, ko da bai daskare ba ma ba zan iya zuba shi a jiki ba, sai na cire safar hannu na yi taimama a jikin dutsen, na samu wata 'yar shimfiɗa da ba ta fi faɗin darduma ba na yi asuba, jagoran yana tsaye a gefen ramin ya kare ni. Kafin in sallame yatsuna sun daina ji.

Daga kan Lenana abu na farko da ido yake cin karo da shi ba faɗin ƙasa ba ne, bangon Nelion ne, ja a hasken safiya, ya ɗara ka da mita ɗari biyu, Batian yana leƙowa ta bayansa. Jagoran ya nuna kudu ya ce in sama ta washe ana hango Kilimanjaro, a ranar gajimare ya tare. Sannan ya juya ni ya nuna ƙasa.

Ƙanƙarar Lewis ita ce mafi girma a dutsen, kuma tana cikin waɗanda masana suka fi daɗewa suna aunawa a duk ƙasashe masu zafi. Irin wannan asalinta dusar ƙanƙara ce da ta yi ɗaruruwan shekaru tana taruwa, nauyinta ya danne ta ta zama dutse, tana gangarowa a hankali. Na yi zaton zan ga fari fat. Abin da na gani wani yanki ne mai datti, toka-toka, da zane-zanen ƙura, ya tsattsage, a kwance cikin kwarin da ya fi shi girma sau da yawa. Ana ganin iyakar inda ta taɓa kaiwa, don dutsen wurin ya fi haske kuma ya yi sumul. Ma'aunan da aka yi sun nuna ta rasa kusan kashi 90 cikin ɗari na jikinta tsakanin 1934 da 2010. Jagoran ya ce lokacin da yake dako a kanta ake takawa in an taso daga bukkar masu hawa da ake kira Austrian, yanzu wayar ƙarfe da matakala aka kafa a jikin dutsen da ta bari. Ana yawan cewa in ta ƙare koguna za su ƙafe. Wannan an ɗan ƙara gishiri, don ruwan kogin Tana da na Ewaso Ng'iro yawancinsa daga ruwan sama da kurmin gindin dutsen yake fitowa. Asarar dai asara ce. 'Ya'yan jagoran nan za su ji labarin ƙanƙara a kan Ikwaita yadda ake jin tatsuniya.

Ta wannan wayar muka sauka, ƙanƙarar tana gefenmu ana jin ruwa yana gudu a ƙarƙashinta, muka wuce bukkar Austrian, muka faɗa kwarin Teleki, washegari muka kutsa cikin taɓon hanyar Naro Moru har gwiwa. Kowace mita ɗari da muka sauka sai in ji an sauke mini wani abu daga ka.

Da na dawo gida masu zuwa sannu da zuwa suka yi ta cewa an ce na hau dutse mafi tsawo a Kenya. Nakan ce na hau na ukun ƙololuwoyinsa, kuma kwana ɗaya bayan 'yan uwana, don na kwanta ciwo a hanya. Na lura rabin farko ba ya damun kowa, rabi na biyu ne yake sa a sauya magana. In aka ce mini ina gajiya, har gobe ba gajiya nake cewa, don wannan gaisuwa ce, kuma ban ga aibunta ba. Abin da na kasa rarrabewa a da shi ne lokacin da mutum yake gaishe ni da lokacin da yake tambayata. Uwargida ta yi shekaru tana tambayata ina gaishe ta. Wata safiya ta ce ta ga ina yawan dafe ƙeya, na ce mata ya kai wata biyu ina jin jiri in na miƙe. Ta ajiye ludayin da ke hannunta ta dube ni, ta ce, "Maigida, yau kuma?" A ranar muka je aka auna, aka ce hawan jini ne, ga shi ina shan magani.

Ban zama wani mutum daban ba. Har yanzu sai na waiga na ga yara ba sa kusa kafin in faɗa, kuma har yanzu muryata raguwa take yi. Babban wanmu, wanda ya fi kowa ɗauko Baba, ya ji labarin ya kira ni gefe ya ce bai dace magidanci ya riƙa kai ƙarar jikinsa wurin mace ba. Shi ɗin ya rame a 'yan watannin nan, buta ba ta rabuwa da hannunsa, kuma ranar sunan jikarsa na ga yana ɗingishi in ya zaci ba a kallonsa. Na bi shi zaure bayan an watse.

"Yaya, mu je a duba sugan nan. Ni zan kai ka, ba wanda zai sani."

"Wa ya ce maka ba ni da lafiya?"

Na ce babu wanda ya ce. Ya ce to in gaida gida. Na gaya wa babban ɗansa abin da na gani, mun shirya ranar Asabar mu koma tare, da na'urar awon a aljihu.